Labbo a Kan Mashin

Hannatu Mu'azu tana zaune ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin ofishin hedimasta, tana gyaran littattafan 'yan aji huɗu, wayarta ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata ce, tsakiyar damina, a makarantar firamaren da take koyarwa a Zurmi. Da ta duba sai ta ga zauren Watsaf na tsoffin 'yan ajinsu na Ƙaura Namoda ne. Zauren kan yi wata biyu ba wanda ya ce uffan, sai dai sanarwar aure ko rasuwa, amma yau ya cika maƙil, kuma duk maganar ɗaya ce: an sake yin Labbo.

Labbo Mai Jaki katun ne na yara wanda wani malamin zane a Ƙaura, Malam Zakariyya, ya yi da hannunsa shekara ashirin da biyar da suka wuce, takarda bayan takarda. Wani gidan talabijin a Gusau ya riƙa nuna shi kowace Asabar bayan la'asar. Labbo tsoho ne mai tumbi da farin gemu, yana ɗauko gishiri da kananzir daga tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura ya kai kasuwar Shinkafi. Jakinsa Na-Baya bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, jikarsa Mairama kuwa bakinta ba ya rufuwa. Kowane mako da abin da ke samunsu a hanya. Wata rana gulbi ya kawo, wata rana Na-Baya ya cinye wasiƙar da aka ba su saƙo. Kashi ashirin da shida kaɗai aka yi, amma duk yaron da ya tashi tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi a lokacin ya san gidan da ke da talabijin da janareta a unguwarsu, ya kuma san yadda ake roƙon wurin zama a tabarmar gidan.

Hannatu ce muryar Mairama. Tana da shekara tara Malam Zakariyya ya ji ta tana musu da mai ƙosai a ƙofar gidansu, ya tsaya har ta gama, sannan ya nemi ubanta, wanda ma'aikacin tashar jirgi ne. Har yau akwai tsofaffi a Ƙaura da ba su san ta da wani suna ba sai Mairama.

Ta ajiye jan biro ta buɗe bidiyon da aka turo zauren. Mujahid ne ya yi shi, autan Malam Zakariyya, wanda ya daɗe a Kaduna yana aikin kwamfuta, ya dawo gida bara bayan ciwo ya kwantar da uban. Zanen ya yi kyau, launukan sun fito tas, wannan ba ta musa ba. Amma Labbo ya rasa tumbinsa, ya zama dogon dattijo mai gyararren gemu. Mairama ta sa tabarau da kayan makaranta, tana riƙe da waya, kuma Hausar Kano take yi. Jaki kuwa babu shi. Labbo mashin yake hawa, baƙi, kuma da zarar ya hau sai ya ja rawani ya rufe fuskarsa, idanu kaɗai ake gani.

Ta kalla har ƙarshe, ta sake kallo. Abin da ya fi tsaya mata a rai, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba, shi ne ba wanda ya kira ta. Lambarta ba ɓoyayya ba ce.

Cikin kwana biyu maganar ta bar zaurensu ta bazu a Fesbuk. Wasu suka ce an kashe musu ƙuruciya. Wani ya rubuta dogon bayani cewa Labbo marar tumbi ba Labbo ba ne, domin tumbin nan ne Mairama ke jingina da shi idan ta gaji. Wasu Hausar ce ta dame su, suka ce ko a katun ma sai an mayar da mutanen Zamfara Kanawa. Lubabatu, wata 'yar ajinsu da ke aikin jinya a Gusau, ta ce ita sabuwar Mairama ta fi burge ta, tunda tsohuwar ba a taɓa nuna ta a aji ba, kullum tana bayan jaki. Aka yi mata ca. Matasa kuma, waɗanda ba su ga tsohon ba, suka ce su ba su ga abin faɗa ba, wa ke zuwa Shinkafi a jaki yanzu?

Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi shi ne Kamalu, mai sayar da taki da iri a kasuwar Shinkafi. Ya buɗe shafi ya sa masa suna A Maido Mana Na-Baya, kafin Juma'a mutum dubu uku sun shiga. Shi ne ya nemo lambar Hannatu ya kira ta. Ya gaishe ta da girmamawa, ya ce muryarta ce ta raine su, ya roƙe ta ta yi magana ko da ɗaya ce, da muryar Mairama, don yaron nan ya san masu abin suna raye.

Ba ta yi dogon tunani ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta matse maƙogwaro yadda take yi da, ta ce: "Kaka, ina kak kai Na-Baya? Kas saishe shi kas sai ƙarfe? Ni dai ba ni hawa."

Ta yi mamakin yadda muryar ta fito, kamar jiya ta ajiye ta. Ta tura wa Kamalu. Kafin magariba saƙon ya dawo mata daga wurare biyar daban-daban, har da wata ƙanwar mijinta da ke Sakkwato. Mutane suna rubuta cewa sun yi hawaye. Ta ji daɗi, ba za ta ce ba ta ji ba. Sai washegari ta ga an haɗa muryarta da hoton Mujahid, an rubuta a ƙasa cewa ga wanda ya sayar da gadon ubansa. Wani ya ƙara da cewa jira ya yi tsohon ya kasa magana, sannan ya kwashe masa aiki. Hannatu ta riƙe wayar ta daɗe tana kallon fuskar. Rabonta da shi tun yana ɗan ƙarami yana bin ubansa da gwangwanin fenti.

Duk da haka ta ce a ranta ai gaskiya ta faɗa, kuma ta yanke shawarar tabbatar da ita. Tunda don yara aka yi, to a tambayi yara. Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya ta ari kwamfutar hedimasta da ke kwana cikin kabad, ta yi mata caji a shagon mai sola, ta ɗora ta kan teburinta a darasin ƙarshe. Yara arba'in da shida ne a ajin. Bakwai daga cikinsu sababbi ne, waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan wajen Moriki bayan hare-haren 'yan bindiga, suka raɓe a gidajen dangi cikin gari.

Yaran sun so sabon Labbo. Wannan ne abu na farko da ya ba ta haushi. Sun yi dariya da Mairama ta nuna wa kakanta yadda ake amsa waya shi kuma ya riƙe ta a juye, ba kuma wanda ya lura da wace irin Hausa ake yi. Ana cikin haka Labbo ya ja rawaninsa, ya tada mashin, hoton ya koma wata hanya mai gero a kowane gefe, ƙarar injin tana matsowa kafin a gan shi. Da ya ɓullo daga cikin geron, sai Hannatu ta ji benci ya motsa a bayan aji.

Saude ce, ɗaya daga cikin sababbin, yarinya mai shekara goma da ba ta cika magana ba. Ta shige ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwanta. Biyu daga cikin 'yan ƙauyensu sun miƙe sun nufi ƙofa, na uku yana zaune amma ya kafe kamar an dasa shi. Sauran yaran suka juya suna kallonsu, wasu suka fara dariya, Hannatu ta daka musu tsawa ta rufe kwamfutar.

Ta durƙusa wajen bencin ta yi ta lallashi, ta ce zane ne kawai, tsoho ne mai sayar da gishiri. Da ƙyar Saude ta fito. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi kwamfutar da ke rufe ta ce a hankali, "Malama, haka sunka zo."

Saura kusan rabin awa a tashi, kuma Hannatu ba ta so yaran su tafi gida a haka. Ta tuna Kamalu ya turo mata wani tsohon kashi da aka kwafo daga kaset, sai ta kunna musu shi. Hoton yana rawa, sautin yana shuu. Ga Labbo da tumbinsa, ga Na-Baya yana jan ƙafa, ga muryarta tana zuba. Yaran kuwa ba su jima ba suka fara mutsu-mutsu. Tafiyar ta yi musu tsawo. Murtala, shugaban aji, ya ɗaga hannu ya tambaya ina masu raka su, don ya ga tsoho da yarinya su kaɗai cikin daji, har sun sauke kaya sun kwanta ƙarƙashin tsamiya. Ta ce a lokacin ba a bukatar rakiya. Wata ta tambaya wace ƙasa ce wannan. Ta ce musu hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ce, wadda wasunsu suka sha bi a mota. Suka dube ta irin kallon da yara ke yi wa babba idan sun san wasa yake yi musu amma ladabi ya hana su faɗa.

Da ta koma gida ta gaya wa mijinta Saminu tana son zuwa Ƙaura ranar Asabar. Bai so ba. Gero ya yi tsawo, kuma a irin wannan lokacin ba a bin hanya sai dole. Da ya ga ta nace, sai ya je tasha da kansa ranar da safe ya tambayi direbobi yadda hanyar ta kwana, ya sa ta a motar wanda ya sani, ya ce ta tabbata la'asar ta yi mata a Zurmi.

Ta sami Malam Zakariyya a kujera cikin zaurensa, ɓarin jikinsa na dama a shanye, hannun da ya zana Labbo yana kwance kan cinyarsa. Yana magana, sai dai a hankali, kalma tana jiran kalma. Ya gane ta tun kafin ta gama sallama, ya kira ta Mairama, ya tambayi mijinta da yara. Mujahid ya fito ya gaishe ta a tsaye, gaisuwar da ba ta wuce baki ba. Ya rame fiye da hoton da ake yawo da shi. Daga baya ta ji cewa kwana biyar ke nan bai je masallacin unguwa ba, saboda samari na bin sa da kukan jaki.

Ta fara da ba shi haƙuri. Ta ce muryar tata ce, ita ta yi, ba wanda ya tilasta ta, kuma ba ta yi zaton inda za a kai ta ba. Ta kuma faɗi abin da ba ta yi niyyar faɗa ba, cewa ta ji ciwo da aka yi abin ba a ko sanar da ita ba. Mujahid ya sunkuyar da kai ya ce ya yi tunanin kiranta, kunya ta hana shi. Gani ya yi matar aure, malamar makaranta, ya zai ce ta zo ta yi muryar yarinya? Sai ya ɗauki 'yar maƙwabtansu, waɗanda aiki ya kawo su daga Kano, don ita ce ke kusa.

Sannan ta ba shi labarin Saude, yadda abin ya faru, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa ya buɗe wurin, ya tsayar da hoton daidai inda Labbo ke fitowa daga cikin gero.

"Yaya Hannatu, kin san dalilin rawanin nan?" in ji shi. "Baki ne. Motsa baki shi ya fi komai cin lokaci, kuma ni kaɗai nake aikin. Na ce in ya rufe fuska a kan mashin, sai ya yi ta magana ba sai na zana leɓe ba. Wallahi iyakar abin da na yi tunani ke nan."

Jakin ma haka ne, in ji shi. Ƙafa huɗu ce, kowace da nata motsin, taya biyu kuwa juyawa kawai suke yi. Ya ƙara da cewa ya ga kowa a gari kabu-kabu yake hawa, ya ɗauka abin da yara suka sani ke nan. Tun da ya dawo daga Kaduna bai taɓa wuce bakin gari ta hanyar Zurmi ko Shinkafi ba.

Malam Zakariyya yana sauraro. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, suka yi shiru suna jiransa. Ya ce lokacin da aka fara nuna tsohon Labbo ba yabo aka fara yi masa ba. Wasu dattawa daga Shinkafi sun zo har wannan zauren suna ƙorafin an nuna kasuwarsu kamar wurin 'yan cuta. Wasu sun ce Mairama za ta koya wa 'yan mata mayar wa manya magana, har uban Hannatu sai da aka je aka same shi. Ita ba ta taɓa sanin wannan ba. Ya ce shi ma bai so mashin ɗin ba, ya faɗa wa ɗansa sau ɗaya, bai sake ba, don ya riga ya ba shi aikin. Ya huta, ya juya wajen Mujahid.

"Ni na bi hanyar nan da ƙafata kafin in zana ta," ya ce. "Kai ma ka tai ka gane ta."

Mujahid ya zo Zurmi ranar Laraba, a motar farko. Ya zauna a bayan ajin Hannatu kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Bai kunna komai ba. Ya raba musu takardu ya ce kowa ya zana masa mashin ɗin da zai so kakansa ya hau. Aka zana ja, aka zana kore, wani ya ɗaura wa nasa kaji a baya, wata ta sa wa nata laima. Saude ta karɓi takardar ta riƙe, ba ta zana komai ba, da ya matso kusa kuma ta juya masa baya. Bai matsa mata ba. Ya kwashe zanen ya koma kafin azahar.

A ranar Hannatu ta kira Kamalu ta roƙe shi ya cire muryarta daga shafinsa. Ta gaya masa dalili. Ta zaci zai yi gardama, sai ya ce ubansa yana da jaki irin Na-Baya sak, a kansa suke zuwa gonarsu ta wajen Galadi, shi a gaba, uban a baya. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya taka gonar. Ya ce shi bai san ma me yake nema a wurin Mujahid ba. Ya cire saƙon da hoton, ya rubuta cewa a daina zagi. Mutum ɗari da wani abu suka fita daga shafin a ranar, suna cewa an saye shi.

Gyaran ya ɗauki Mujahid mako biyar. Bai maido da tumbin ba, bai cire wa Mairama tabarau ba. Mashin ɗin ya koma ruwan ɗorawa, da kwandon kaji a baya da wata ƙararrawa da ke kaɗawa tun daga nesa, Labbo kuma da hula kawai, fuskarsa a buɗe, yana rera sallama kafin ya ɓullo. Na-Baya ya fito sau ɗaya, a turke cikin gida, ya tsufa, yana taunar kara. Wasu suka ce an yi musu adalci. Wasu suka ce an nuna musu jakin ne don a rufe musu baki. Lubabatu ta ce ita har yanzu tana jiran ranar da za a ga Mairama cikin aji, ba da kayan makaranta kawai ba. Hannatu ta riƙa tura wa 'yar maƙwabtan su Mujahid saƙon murya tana gyara mata lafazi, yarinyar ta kama wasu, wasu suka gagare ta.

Kafin sabon kashin ya fito an yanke gero, kuma Saude ta bar makarantar. Kawunta ya sami aikin gadi a Gusau ya kwashe su gaba ɗaya. Sauran 'yan ƙauyen nasu sun kalla tare da aji. Ba wanda ya tashi, ɗaya ma har ya yi dariya da kaza ta kuɓuce daga kwandon ta hau kan Labbo.

Hannatu ta nemo lambar kawun wajen matar da suka zauna a gidanta, ta tura masa bidiyon, ta yi bayanin ko ita wace ce, ta roƙe shi ya nuna wa yarinyar idan ta yarda, idan ba ta yarda ba a ƙyale ta. Bayan kwana uku ya amsa da gajeren saƙo. Ya yi godiya, ya ce suna lafiya, Saude ta shiga wata makaranta kusa da su. Bai ce ta kalla ba, Hannatu kuma ba ta sake tambaya ba.